Famfon da Baba ya daina karɓa

Akwai wani gida a zangon Yendi, unguwar fatake, da duk mai keken da ya sauka sai ya cire famfonsa ya miƙa wa maigida. Maigidan ya ɗaga buzunsa ya sa shi a ƙasa. Daga nan kai nasa ne. Zai ba ka ruwan wanka, ya ba ka tuwo, ya ba ka tabarma a zaure, ba ya karɓar komai a hannunka. Amma ba ka barin garin sai ya ɗaga buzun nan ya miƙo maka famfon da hannunsa. In bai miƙo ba, ba a tambayarsa dalili. Ka zauna. Wanda ya shiga daji da keke ba famfo, ƙaya ɗaya ta ishe shi.

Ubana ne ya fara kai ni gidan. Baba muke ce wa maigidan, malami ne, yana kuma sayar da yadi a kasuwa. A ranar, ubana ya karɓi famfona ya haɗa da nasa ya miƙa, ya ce, "Ga wani na ƙara maka." Baba ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Ƙafafunsa kamar na zabuwa. Zai kai Salaga kuwa?" Na kai. Na yi ta kaiwa har gashina ya yi fari.

Koli nake yi. Allura, zare, madubi, kwalli, turare, kanwa, batir. In ɗaure su a akwatin katako a bayan keke in tashi daga Bawku, in bi kasuwannin ƙauye. In tura keken in hau dutsen Nakpanduri ina zagin ranar da aka haife ni, in gangara Gushegu, in sauka Yendi, in wuce Bimbilla, in ƙare a Salaga. In na juyo in ɗauko busasshen kifi da ake kawowa daga wajen Kete Krachi. Ba sana'ar arziki ba ce. Ta ciyar da gida, ta ci gwiwoyina.

Shekarar da aka yi faɗa a ƙasar nan aka ƙone garuruwa, ina gidan Baba. Ba mu ji komai ba tukuna, gari lafiya. Da safe na ɗaure kaya na tsaya a gabansa, bai ɗaga buzu ba. Washegari ma haka. Kasuwar Bimbilla tana wuce ni, ina ta cin raina a zaure. Wasu masu keke biyu da suka sauka a wani gidan suka yi mini dariya suka kama hanya. Ɗaya bai dawo ba. Ɗayan ya dawo a ƙasa, ba keke, ba ya magana. Ban taɓa tambayar Baba abin da ya ji ba, shi ma bai faɗa ba. Da abin ya lafa ya miƙo mini famfona ya ce, "Tayarka ta baya ta yi sanyi." Iyakar abin da ya ce ke nan.

Ina da ƙane, uwa ɗaya uba ɗaya. Shi ma ya taɓa bin hanyar da ni, shi ma famfonsa ya kwana a ƙarƙashin buzun nan, don haka kada wani ya ce bai sani ba. Bai daɗe ba ya ce shi ba jaki ba ne. Ya sayar da kekensa ya bi hamada. Muka daina jin labarinsa har uwarmu ta fara yi masa sadaka. Sai ga kira daga Faransa.

Aikin da ya samu can shi ne ya fi ba ni dariya. Mota yake tuƙawa a bayan masu keke. Tsofaffin Turawa ne, sun gama aikin gwamnati, ba su da abin yi, sai su biya a zagaya da su ƙauyuka a kan keke. Shi yana biye da jakunkunansu da ruwa da kayan gyara. Yana turo hotuna a wayar 'yata tana nuna mini. Ƙasa ce mai tudu da gangare, kore shar, gonakin inabi a jere kamar an ja su da zare. Ƙauyukan na dutse ne, kowanne da tsohon coci a tsakiya. Hanya baƙa sumul, ko rami ɗaya babu.

Na ce masa a waya, "Me suke sayarwa?"

Ya ce, "Yaya, ba sa sayar da komai. Hawa kawai suke yi."

"Su je ina?"

"Su je ƙauye na gaba, su ci abinci, su kwanta."

"To su shiga motarka mana."

Ya yi dariya har ya shaƙe. Ya ce, "Wahalar suke saye. In sun hau tudu suna haki, a nan suke jin sun more."

Na ce, "Ka ce su zo. Ina da ita a ɗaki, ta yi mini yawa."

Wasa na yi. Shi bai ɗauka wasa ba. Bayan damina biyu ya sake kira ya ce ya shawo kan masu kamfanin da yake wa aiki, zai kawo mutum shida su gwada hanyar nan tamu, daga Salaga zuwa Bawku. Ya ce sun gaji da cocin dutse, suna son tsofaffin garuruwa na wata ƙasa. Ni zan shige gaba. Kuma yana so su kwana a gidan Baba, ba a masaukin baƙi ba, don irin abin da suke nema ke nan.

Na ce, "Ka san dokar gidan."

Ya ce, "Na sani mana. Ita ce ma za ta burge su."

Ban so kalmar ba. Amma ƙanena ne, shekaru ban gan shi ba, kuma uwarmu ta mutu ba ta gan shi ba. Na hau keke na je Yendi don wannan kaɗai. Na sami Baba a kan buzunsa, ya tsufa sosai, idonsa ɗaya ya yi fari. Na gaya masa. Ya daɗe yana jan carbi.

Ya ce, "A kan keke za su zo?"

Na ce, "A kan keke, Baba."

"Mata da maza?"

"Mata biyu. Tsofaffi ne."

"Matan su shiga ciki wajen iyali. Za su ba da famfo?"

"Za su bayar."

"Su suka ce, ko kai ka ce?"

Na ce, "Ni na ce."

Ya ce, "To, ɗan Bawku. Kawo su."

A Salaga na tarye su. Ƙanena ya yi ƙiba, ya yi haske, yana ƙamshi. Ya rungume ni a gaban mutane, na bar shi. Kekunansu kuwa, na ɗaga ɗaya da yatsa biyu. Tayar siririya kamar bulala. Kowa da hular kwano da wando mai matse jiki, na ce wa ƙanena ya gaya musu su ɗaura wani abu a kai kafin mu shiga zango. Suka ɗaura ba musu. Ba mugayen mutane ba ne, wannan zan faɗa. Akwai wata tsohuwa a cikinsu, ta girme ni, in ta hau tudu ba ta waiwaye. Ita ta fi kowa tambaya. Aka kai su rijiyoyin nan na da inda aka ce ana wanke bayi kafin a kai su kasuwa. Ta tsaya a bakin ɗaya, ta share ido. Ni na sha wanke ƙafa a wajen, ban taɓa tsayawa ba.

Wani dogo a cikinsu ya ce zai gwada kekena. Na bar akwatin a ɗaure. Ya taka sau biyu, kan keken ya tashi sama, ya zube a cikin ciyawa. Ya tashi yana dariya, ya cire hularsa ya rusuna mini. Muka yi dariya duka. Na fara jin abin zai yi kyau.

Hanyar Bimbilla ta ba su abin da suka zo saye. Jar ƙasa, rami, lorin doya daga Kpandai yana wucewa ya rufe mu da ƙura. Tayoyinsu suna ta fashewa. In ta fashe ba sa faci. Ƙanena ya tsayar da motar hayar da yake biye da mu a ciki, ya ciro sabon tib na cikin taya, ya ɗauko wani babban famfo mai tsayawa a ƙasa, ya taka shi ya hura, kafin ka sha ruwa an gama. Ƙananan famfunan da ke maƙale a jikin kekunansu ban ga wanda ya taɓa nasa ba. Na gani da idona, ban kawo komai a raina ba.

Muka shiga Yendi bayan la'asar. Tun daga bakin layi na sauka na tura, su ma suka sauka. Baba yana zaure ya sa babbar rigarsa ta Juma'a, ba kuwa Juma'a ba ce. Na durƙusa na gaishe shi, na cire famfona na miƙa. Ƙanena ya juya ya yi musu bayani da yarensu. Fuskokinsu suka washe. Suka bi layi, kowa ya cire nasa ya miƙa da hannu biyu, ɗaya yana ɗaukar hoto. Baba yana karɓa yana juya kowanne a hannunsa, don bai taɓa ganin famfo gajere haka ba.

Ya ce, "Wannan na hura keke ne ko na hura wuta?"

Ƙanena ya fassara, aka yi dariya. Baba ya ɗaga buzu ya jera su kusa da nawa. Buzun ya yi tudu.

Kafin magariba na ga an janyo ragon da yake kiwo a bayan gida an ɗaure shi kusa da madafa. Na ga Baba ya ɗauki sandarsa ya fita. Mutumin da masallaci kawai ke fitar da shi. Na bi shi a baya. Gida gida ya shiga, wajen liman, wajen mai unguwa, wajen tsofaffin abokan kasuwarsa, yana cewa, "Na yi baƙi daga nesa, a kan keke. Gobe da hantsi a zo a gaishe su, a ci abin da ya samu."

Na koma na sami ƙanena yana duba motar. Na ce, "Gobe ba tafiya. Baba ya gayyaci mutane."

Ya ce, "Gobe da sassafe za mu tashi, kafin rana ta yi zafi. An kama mana wuri a Gushegu."

"Famfo yana ƙarƙashin buzu."

Ya nuna mini babban famfon a cikin mota.

Na ce, "Kai, Bafaranshe. A gidan nan ka ci tuwo da ƙafa a fashe."

"Yaya, ka saurare ni. Mutanen nan komai nasu a tsare yake. In muka rasa yini ɗaya a nan, mun rasa shi har filin jirgi. Wannan gwaji ne. In ya lalace ba za su sake ba ni ba. Ka san yadda na samu aikin nan? Ka san abin da na kwana a ciki kafin in same shi?"

"Ban sani ba. Je ka gaya wa Baba."

"In na tambaye shi zai ce a'a, kuma in ya ce a'a na tafi, ya fi muni. Gara mu tafi kamar ba mu gane ba."

"Ka gaya wa Turawan. Su zaɓa."

Ya ce, "Ba su biya don su zaɓa ba."

Na san kalma uku ta yarensu, duka gaisuwa. Na je wajen tsohuwar nan na nuna mata ragon, na nuna rana, na nuna ƙasa da hannu alamar zama. Ta yi murmushi ta shafa kan ragon ta ɗauki hotonsa.

Da aka idar da sallar asuba aka yanka ragon. Gari yana wayewa suna fito da kekuna. Baba yana kan buzunsa yana kallo. Ƙanena ya durƙusa daga bakin ƙofa ya ce, "Baba, mun gode, Allah ya ƙara girma," bai ɗaga ido ba. Baba bai motsa daga kan buzun ba. Tsohuwar ta taɓa wurin da famfonta yake zama a jikin keke, ta tambayi ƙanena wani abu. Ya ba ta amsa. Ta ce "a'ah" da murna, ta ɗora hannu a ƙirji ta rusuna wa Baba, sauran ma suka yi haka.

Na kama hannun rigarsa na ce, "Me ka ce mata?"

Ya ce, "Na ce al'adar gidan ce, baƙo yana barin famfonsa kyauta ga maigida." Ya zare hannunsa. "Hau mu tafi, Yaya. Zan hura maka a hanya."

Na ce, "Nawa yana ƙarƙashin buzu."

Ya dube ni, ya shiga mota. Hanyar Gushegu ɗaya ce, ba sa bukatata. Suka fita layin suna ɗaga wa yara hannu.

Da hantsi mutane suka fara zuwa. Liman, mai unguwa, tsofaffin kasuwa, kowa da rigarsa mai kyau. Aka shimfiɗa tabarmi har waje. Aka kawo shinkafa da nama a manyan kwanuka. Kowa ya zauna sai ya waiga.

Liman ya ce, "Malam, ina baƙin? Ko suna wanka?"

Baba ya ce, "Ga baƙona nan," ya nuna ni.

Wani tsoho mai sayar da goro, abokin wasansa ne tun suna samari, ya leƙa tudun buzun ya ce, "Malam, yau ka kama famfo keke ya tsere. Ka buɗe shago mana, ka samu jari."

Wasu suka yi dariya, wasu suka sunkuyar da kai. Baba ya ce, "Ci nama, bakinka ya samu aiki." Aka ci. Ni ma na ci, don an sa a gabana. Mai unguwa ya ce mini a hankali, "Kai ne ka kawo su?" Na ce ni ne. Ya gyaɗa kai ya ci gaba da cin abincinsa.

Na kwana na ƙara kwana, ban ɗaure kaya ba, ina jira. Sai wata safiya na fito daga wanka na ga famfunan a ƙasa a bakin ƙofar zaure, an ɗaure su da tsumma, nawa a tsakiya. Baba yana kan buzunsa, buzun ya kwanta daidai.

Na ce, "Baba, ni ban tafi ba."

Ya ce, "Na gani."

"Ban san haka zai yi ba."

"Na tambaye ka su suka ce ko kai ka ce."

Na ɗauki ƙunshin na ɗaure a kan akwatina na kama hanya.

Ba abin da ya same su. In da wani abu ya same su da labarin ya fi daɗin faɗa. Sun kwana a Gushegu, sun gangara dutsen Nakpanduri suna ihun murna, sun isa Bawku lafiya, sun ci zabi a gidana, matata ta dafa musu. Ko da na iso sun tafi. Ƙanena ya bar mini hular kwano da sabuwar taya. Tayar ba ta shiga kekena.

Da na sake sauka Yendi na tura keke tun daga bakin layi kamar kullum. Na durƙusa na gaida Baba, na cire famfo na miƙa. Ya amsa gaisuwar, ya tambayi iyali ɗaya ɗaya, ya tambayi hanya. Hannuna yana miƙe.

Ya ce, "Bar shi a kekenka."

Aka kawo mini ruwa, aka kawo tuwo, aka ba ni tabarmata a inda take. Ba abin da aka rage. Da yamma wani mai keke daga Saboba ya sauka, mai sayar da taba, bai kai rabin shekaruna a hanyar ba. Ya miƙa nasa. Baba ya karɓa ya ɗaga buzu. Ina zaune ina kallo. Da safe na ɗaure kaya na tsaya a gabansa, don ƙafata ta saba. Ya ce, "Allah ya kiyaye hanya." Ban san ko hanyar tana da kyau ba ko ba ta da shi. Na tafi.

Duk zuwan da na yi bayan nan sai na miƙa. Duk zuwan sai ya ce in bar shi a keke. Na kai masa turare mai kyau, ya karɓa ya sa albarka. Na sa liman ya yi masa magana, ya ce wa liman, "Me na hana shi? Tuwo ko tabarma?"

Da shekara ta zagayo ƙanena ya kira. Ya ce gwajin ya yi kyau, mutane sun yi rajista da yawa. Ya turo hoton da kamfanin ya sa a tallarsu: hannayen Baba ne riƙe da gajeren famfo, an yanke fuskarsa. Ya ce kowa yana tambayar gidan famfo, in je in shirya da Baba, ko nawa ne za a yi masa alheri.

Na ce, "Ka zo ka tambaye shi da bakinka."

Ya ce, "Yaya, har yanzu? Abin famfo?"

Na miƙa wa 'yata wayar. Na ji ya samu wani gida a wata unguwa da suke karɓar famfo da yamma su mayar da asuba, a ɗauki hoto. Ban je na gani ba.

Baba ya rasu da damina, ina Salaga. Ko da labari ya same ni an binne shi. Na je gaisuwa. Babban ɗansa ya karɓe ni da kyau, ya ce gidan gidana ne. Shi a kujera yake zama, buzun an naɗe an ɗora a kan katanga. Na cire famfona don in gani. Ya ce, "Kawu, iska za a ƙara maka? Akwai mai faci a bakin titi."

Har yanzu ina bin hanyar, amma daga Bawku zuwa Yendi kawai, gwiwa ta hana ni Salaga. In gari ya rikice a wajenmu, ko aka ce an tare hanya, ni nake tsayawa a bakin zaure in yanke wa kaina in tafi ko in zauna. Sau da yawa ban sani ba. Famfunan Faransa suna rataye a ɗakina da tsumman da Baba ya ɗaure su da shi. Na gwada su duka a kekena. Bakinsu ya yi ƙanƙanta, ba wanda ya kama bawul ɗin tayata.